Tufka da Warwara ko Bambancin Shaidu? Nazarin Hanyoyin Amsa Zargin Saɓani a Littafi Mai Tsarki

Tsakure

Wannan takarda ta duba zargin da aka daɗe ana yi cewa ayoyin Littafi Mai Tsarki suna karo da juna, da yadda malaman Kirista suka amsa shi tun daga ƙarni na 2 zuwa yau. Ta kasa wuraren da ake ta da jijiyar wuya a kansu kashi huɗu: kuskuren masu kwafi, bambancin lissafin shekaru, al'adar marubutan dā wajen ba da labari, da koyarwar da ke fuskantar mutane daban-daban. Ta nuna cewa kowane kashi da irin amsar da ta dace da shi, kuma tilasta wa nassoshi daidaituwa yana raunana abin da ake son karewa. A ƙarshe ta kawo wuraren da masana ba su cim ma matsaya ba, ta ba da shawarar a riƙa faɗin haka a fili a majami'u da makarantun tauhidi.

Gabatarwa

A watan Afrilu na 1854 aka yi wata muƙabala ta kwana biyu a birnin Agra na ƙasar Indiya, tsakanin wani Bajamushe mai wa'azin Kirista, Karl Pfander, da wani malamin Musulunci, Shaihu Rahmatullah Kairanawi. Pfander ya shigo fage da shirin da ya saba. Ashe abokin karawarsa, da taimakon wani likita mai suna Wazir Khan, ya riga ya bi littattafan masanan Turai da ke tattauna bambance-bambancen tsofaffin kwafen Littafi Mai Tsarki. Da aka matsa wa Pfander, ya amince akwai wuraren da kwafen suka bambanta, jama'a da dama kuwa suka watse da fahimtar cewa ya sha kaye. A 1864 Kairanawi ya rubuta Izharul Haƙƙi a Istanbul. Littafin ne Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu ya ce ya sa shi a hanya, kuma ta hannun Deedat, musamman bayan muƙabalarsa da Jimmy Swaggart a Amurka a 1986, jerin ayoyin da ake cewa sun saɓa ya shiga kaset-kaset da ƙananan littattafai, ya iso har kasuwannin ƙasar Hausa. Yau jerin ya koma wayar hannu.

Matashin Kirista da aka tura wa irin wannan jeri yakan kai wa fastonsa ko malamin makarantar Lahadi, sau da yawa kuma a ce masa ya yi addu'a, ya daina sauraron masu shakka. Wannan amsa ba ta ƙosar da shi, domin ya buɗe littafin da hannunsa ya ga lambobin sun bambanta. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, duk mai karatun boko yana iya jera ayoyin ya gani da idonsa. Saboda haka tambayar tana da haƙƙi a kan malamai, kuma suna da gadon ilimin da za su amsa ta da shi.

Zargin ya daɗe, amsar ma haka

Wajen shekarar 178 wani masanin falsafa Bahelene mai suna Selsus ya rubuta suka a kan addinin Kirista, Orijin na Iskandariya ya mayar masa da martani a littafi mai juzu'i takwas wajen 248. A ƙarshen ƙarni na 3 Forfiri ya zo da sukar da ta fi kaifi, domin ya karanta nassoshin da idon basira. Shi ne ya lura cewa farkon Bisharar Markus ya jingina wa Ishaya maganar da rabinta daga Malakai take. Daga baya, a Andalus, Ibn Hazm, wanda ya rasu a 1064, ya jera saɓanin da ya gani a Attaura da Linjila, kuma galibin misalan da ke yawo yau suna cikin abin da waɗannan magabata suka riga suka taɓo.

A cikin ikkilisiya kanta an taɓa neman hanya mai sauƙi. Markiyon, wajen 144, ya riƙe Bisharar Luka kaɗai bayan ya rage ta, ya watsar da sauran. Tatiyan kuma, wajen 170, ya saƙa Bisharu huɗun suka zama labari guda marar gargada, wanda aka sani da Diyatessaron. Ikkilisiyoyin da ke amfani da harshen Suriyanci sun karanta shi shekaru aru-aru. Amma a ƙarni na 5 Bishop Tiyodoret na Sairus ya tarar da kwafe fiye da 200 a majami'un yankinsa, ya tattara su ya ajiye gefe, ya maye gurbinsu da Bisharu huɗu rarrabe. Wannan mataki yana da nauyi a bahasin nan. An ba ikkilisiya damar shafe bambance-bambancen gaba ɗaya, ta ƙi, ta gwammace ta riƙe shaidu huɗu kowane da muryarsa.

Ba kuma don rashin sani ta yi haka ba. Yusibiyus na Kaisariya ya tsara jadawali goma da ke nuna wa mai karatu inda labari ɗaya ya zo a Bisharu daban-daban, aka riƙa kwafa su a gaban littattafan, wato an miƙa wa mai karatu kayan aikin gwadawa da kansa. Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi a Antakiya cewa da marubutan sun dace a kowace kalma da kowane lokaci, da abokan gaba sun ce haɗa baki suka yi. Agustin, a Hippo da ke gaɓar Aljeriya ta yau, ya rubuta littafi sukutum wajen shekarar 400 yana bin wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne saɓani?

Masu ilimin manɗiƙi tun daga Aristotal sun kafa sharaɗi: magana biyu ba sa karo sai ɗaya ta tabbatar da abin da ɗayar ta kore, a kan abu guda, a lokaci guda, ta fuska guda. Idan Matiyu ya ambaci mala'ika ɗaya a bakin kabari, Yohanna ya ambaci biyu, akwai bambanci, amma sai Matiyu ya kore na biyun kafin sharaɗin ya cika. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne ga ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya rubuta littafi a kan hadisan da zahirinsu ke saɓa wa juna, kuma ƙa'idar malaman hadisi ita ce a fara neman haɗa ruwayoyi kafin a rinjayar da wata. Adalci shi ne kowane ɓangare ya auna littafin maƙwabcinsa da mudun da yake auna nasa.

Sai dai sharaɗin manɗiƙi shi kaɗai bai isa ba. Mai wayo yana iya ƙaga wa kowace magana biyu hanyar haɗuwa. Abin tambaya shi ne ko amsar tana da hujja daga kwafen dā, ko daga tarihi, ko daga al'adar marubucin. Nan ne tantancewa ke shigowa.

Kashi na farko: alƙalamin mai kwafi

A 2 Sarakuna 8:26 an ce Ahaziya, sarkin Yahuza, yana da shekara 22 ya hau gadon sarauta. A 2 Tarihi 22:2, nassin Ibrananci da aka gada ya ce 42. A nan ba a bukatar dogon bahasi, domin Littafin Tarihin da kansa ya warware. Aya biyu kacal kafin wannan, ya faɗi cewa mahaifinsa Yehoram ya hau yana da shekara 32, ya yi shekara 8 yana mulki, wato ya rasu yana da 40. Ya kuma ce Ahaziya ne autan 'ya'yansa. Auta ba zai girmi ubansa da shekara biyu ba. Wasu kwafen fassarar Helenanci da fassarar Suriyanci sun riƙe 22 a wurin, shi ya sa fassarori da yawa na zamani suka sa 22, suka yi bayani a ƙasan shafi.

Haka lamarin yake a garken dawakin Sulemanu: 40,000 a 1 Sarakuna 4:26, amma 4,000 a 2 Tarihi 9:25. Tunda 1 Sarakuna 10:26 ta ba shi karusa 1,400, ƙaramar lambar ce ta dace. Sarki Yehoyakin ma an ba shi shekara 18 lokacin hawansa a Sarakuna, 8 a Tarihi. Lambobi da sunaye su ne suka fi saurin gurɓata a hannun mai kwafi, domin ma'anar jimla ba ta tsare su.

Akwai abin lura a nan. Masoretawan Tibariya, waɗanda suka tsare nassin Ibrananci har ya kai ga kwafin Leningrad na 1008, mutane ne masu ƙidaya kalmomi da baƙaƙe. Ba zai yiwu a ce ba su ga matsalar Ahaziya ba. Sun gani, suka kwafa abin da suka tarar, suka ƙi sa hannu su gyara. Wanda ke son ɓoye laifi da nan zai fara gyara. Da aka gano littattafan Tekun Gishiri daga 1947, aka samu naɗaɗɗen Littafin Ishaya da ya girmi kwafin Leningrad da fiye da shekara 1,000, aka tarar nassin ɗaya ne a gundarinsa, galibin bambancin na rubutun kalmomi ne.

A Sabon Alkawari akwai kwafen Helenanci fiye da 5,000, kuma gwada su da juna ya fito da sassa biyu masu tsawo da babu su a mafi tsufan kwafe: Markus 16:9-20, wanda babu shi a kwafen Sina'i da na Batikan na ƙarni na 4, da labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 7:53 zuwa 8:11. Wannan ba asiri ba ne da wani ya tono. Yusibiyus da Jerom sun san batun ƙarshen Markus tun ƙarni na 4, kuma masanan Kirista ne suka tattara kwafen, suka buga sakamakon. Malamin da ya musa waɗannan abubuwa yana musun abin da ke rubuce a gefen shafin littafin da ke hannunsa.

Kashi na biyu: lissafin shekaru

A 1 Sarakuna 15 an ce Nadab ya hau sarautar Isra'ila a shekara ta 2 ta Asa, sarkin Yahuza, ya yi shekara 2, aka kashe shi a shekara ta 3 ta Asa. Irin wannan lissafi da ya ƙi daidaita ya cika littattafan Sarakuna, har masana da dama suka fid da rai da lambobin. Edwin Thiele, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Shikago, ya buga bincike a 1951 da ya nuna cewa masarautun biyu ba su ƙirga iri ɗaya ba. A wani tsarin, guntun shekarar da sarki ya hau ita ce shekararsa ta farko, don haka shekara guda takan shiga lissafin marigayi da na magajinsa. A ɗaya tsarin, sai sabuwar shekara ta kama ake fara ƙirga masa. Ga kuma bambancin watan da shekara ke farawa, ga sarakunan da suka naɗa 'ya'yansu tun suna raye aka yi mulkin haɗin gwiwa.

Abin da ya ba bincikensa ƙarfi shi ne an gwada shi da ma'auni daga waje. Assuriyawa suna sa wa kowace shekara sunan wani babban ma'aikaci, kuma jerin nasu ya ambaci husufin rana da masana taurari suka tabbatar ya auku ranar 15 ga Yuni, 763 kafin Almasihu. Da wannan aka ɗaure shekarunsu da kalandar yau. Rubutun Shalmanesar na Uku ya sa Ahab na Isra'ila a yaƙin Ƙarƙar a 853, ya kuma nuna Yehu, sarkin Isra'ila, yana kai haraji a 841, a jikin wani baƙin dutse da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Tsakani shekara 12 ke nan. Littafin Sarakuna kuwa ya sa 'ya'yan Ahab biyu a wannan tsakani, wani Ahaziya dabam da shekara 2, da Yoram da shekara 12, jimla 14. Idan aka cire wa kowannensu shekarar da aka ƙirga sau biyu, sai a samu 1 da 11, wato 12 cif.

Thiele bai ce ya warware komai ba. A kan shekarun Hezekiya ya amince tsarinsa bai ɗauki wasu ayoyi ba, masana suka ci gaba da muhawara a bayansa. Amma ya tabbatar da cewa lambobi da yawa da aka ɗauka shirme ne, lissafi ne mai ƙa'ida wanda aka manta makullinsa.

Kashi na uku: yadda mutanen dā ke ba da labari

Wannan kashi shi ne ya fi yawa a Bisharu. A Matiyu 8 wani hafsan sojan Roma ya zo wurin Yesu a Kafarnahum yana roƙon a warkar da bawansa. A Luka 7 hafsan bai zo ba, dattawan Yahudawa ya aika, daga baya ya aiki abokansa. Agustin ya amsa cewa abin da mutum ya yi ta hannun wakili akan jingina masa, Matiyu ya taƙaita, Luka ya warware dalla-dalla. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani: saurayi ba ya zuwa neman aure da ƙafarsa, baffanninsa ke zuwa da goro, amma duk gari cewa ake wane ya nemi auren wance, ba kuma wanda zai ce an yi ƙarya. Nassin kansa yana magana haka. Yohanna 19:1 ta jingina wa Bilatus yi wa Yesu bulala, alhali sojoji ne suka riƙe bulalar.

Matiyu gwanin taƙaitawa ne. Labarin 'yar Yayirus ya ci aya 23 a Markus 5, tare da na matar da ta taɓa tufafin Yesu a hanya, Matiyu 9 kuwa ya gama da shi a aya 9. A Markus uban ya zo yarinyar tana bakin mutuwa, sai manzanni suka iske su a hanya da labarin rasuwarta. Matiyu ya cire zuwan manzannin, ya sa labarin mutuwar a bakin uban tun farko. Itacen ɓauren da Yesu ya la'anta ma haka: kwana biyu a Markus 11, zama ɗaya a Matiyu 21. Jarabobin da Iblis ya yi wa Yesu a jeji kuwa, Matiyu ya ƙare da kan dutse, Luka ya ƙare da haikalin Urushalima, birnin da dukan Bishararsa ta dosa.

Kiristocin farko sun san da wannan. Fafiyas, bishop na Hirafolis a farkon ƙarni na 2, ya ruwaito cewa Markus ya rubuta abin da ya tuna daga wa'azin Bitrus daidai, amma ba bisa jerin aukuwa ba. A 2017 Michael Licona ya buga bincike inda ya gwada yadda Fulutak, marubucin tarihin rayuwar manyan Helenawa da Romawa, ke ba da labari guda a littattafansa daban-daban. Ya tarar marubuci ɗaya yana taƙaita lokaci, yana matsar da aukuwa, yana haska mutum ɗaya ya bar sauran a inuwa. Wasu malaman Kirista sun ga Licona ya wuce gona da iri wajen ɗora wannan a kan Bisharu, muhawarar kuma tana nan. Duk da haka manyan matsayoyi biyu na ƙarni na 20 sun haɗu a kan tushen maganar. Takardar Majalisar Batikan ta Biyu a kan wahayi, ta 1965, ta bukaci a kula da nau'in rubutu da al'adar zamanin marubuci. Sanarwar Shikago ta 1978, wadda shugabannin masu bishara fiye da 200 suka amince da ita, ta ce lambobin kintace, da jera labari bisa jigo, da kawo magana da ma'ana, ba sa rushe gaskiyar nassi, ta kuma taƙaita hurarriyar kalma ga rubutun asali.

Kashi na huɗu: koyarwa mai fuska biyu

Karin Magana 26:4 ta hana a amsa wa wawa bisa wautarsa, aya ta 5 kuma ta umarta a amsa masa. Wanda ya jera su kafaɗa da kafaɗa ya san abin da yake yi: yana koya wa ɗalibi ya gane lokacin shiru da lokacin magana. Malaman Yahudawa sun tattauna wannan wuri a Talmud, suka bar ayoyin yadda suke.

Na Bulus da Yaƙub ya fi wannan nauyi. Romawa 3:28 ta ce ana baratar da mutum ta bangaskiya ba tare da ayyukan Shari'a ba, Yaƙub 2:24 ta ce ta ayyuka ne, ba ta bangaskiya kaɗai ba, kuma dukansu sun kafa hujja da Ibrahim. Abin ya dami Martin Luther har ya rage darajar wasiƙar Yaƙub a gabatarwarsa ta 1522, ko da yake bai cire ta daga fassararsa ba. Amma masu sauraron biyu ba ɗaya ba ne. Bulus yana fama da masu cewa sai Ba'al'umme ya yi kaciya ya kiyaye dokokin Musa kafin Allah ya karɓe shi. Yaƙub yana tsawata wa masu furci da baki waɗanda ke sallamar ɗan'uwa mayunwaci da fatan alheri kawai. Bulus ɗin da kansa, a Galatiyawa 5:6 da Afisawa 2:10, ya ɗaure bangaskiya da aikin ƙauna. Bambancin lafazi da na nauyin magana yana nan, kuma ya kyautu a bar shi ya yi aikinsa, domin kowace ikkilisiya tana da masu bukatar jin Bulus da masu bukatar jin Yaƙub.

Inda amsa ba ta cika ba

Akwai wuraren da amsoshin da ake bayarwa ba su wuce matsayin mai yiwuwa ba. Matiyu ya ce mahaifin Yusufu, mijin Maryamu, Yakubu ne, Luka ya ce Heli. Yuliyus Afirkanus, a farkon ƙarni na 3, ya bayyana cewa mutanen biyu uwarsu ɗaya, Heli ya rasu ba ɗa, Yakubu ya auri matarsa bisa dokar Maimaitawar Shari'a 25, don haka Yusufu ɗan Yakubu ne ta jini, ɗan Heli ta shari'a. Shi da kansa ya amince ba shi da shaidar da za ta tabbatar da ruwayar. Wasu daga baya suka ce Luka asalin Maryamu ya kawo, amma Luka bai ambaci sunanta a jerin ba. Mutuwar Yahuza Iskariyoti ma haka: Matiyu 27 ta ce ya rataye kansa, Ayyukan Manzanni 1 ta ce ya faɗi cikinsa ya fashe. Ana iya haɗa su a ce gawar ce ta faɗo daga baya, sai dai babu ayar da ta faɗi haka. Abin da ruwayoyin suka dace a kai shi ne mugun ƙarshe, da filin da aka saya da kuɗin cin amana aka kira shi Filin Jini.

Mafi wuya shi ne ƙidayar Kiriniyus. Matiyu ya sa haihuwar Yesu a zamanin Hirudus Babba, wanda galibin masana suka sa mutuwarsa a shekara ta 4 kafin Almasihu. Luka 2:2 ta haɗa haihuwar da ƙidayar da aka yi Kiriniyus yana mulkin Suriya, Yosifus masanin tarihin Yahudawa kuwa ya sa wannan ƙidaya a shekara ta 6 Miladiyya. Tazarar ta kai kusan shekara 10. William Ramsay ya kawo ra'ayin cewa Kiriniyus ya taɓa riƙe wani muƙami a yankin tun da farko. Raymond Brown, malamin Katolika, ya kammala a 1977 cewa Luka bai daidaita lokacin ba. Har yau ba a tono wata shaida da ta rufe bahasin ba.

A irin waɗannan wurare ne jarabar tilastawa ke zuwa. Andreas Osiander, a 1537, ya ɗauki kusan kowane bambanci a matsayin aukuwa dabam, har labari ɗaya ya riƙa maimaituwa a littafinsa. A 1976 Harold Lindsell, don ya daidaita carar zakara a Bisharu, ya goyi bayan ra'ayin cewa Bitrus ya yi musun Yesu sau shida, alhali dukan Bisharu huɗun uku suka ce. Garin kare marubuta huɗu, an ƙirƙiro labari na biyar da babu wanda ya rubuta shi.

Illar wannan hanya ta bayyana a rayuwar Bart Ehrman, wanda ya taso cikin masu ra'ayin cewa ko kuskure ɗaya ya isa ya rushe komai. Ya ba da labarin cewa yana ɗalibi a makarantar tauhidi ta Princeton ya rubuta doguwar takarda yana kare Markus 2:26, inda aka ambaci Abiyata a labarin da 1 Sama'ila 21 ta ambaci mahaifinsa Ahimelek. Malaminsa ya rubuta masa a ƙarshe cewa wataƙila Markus kuskure ya yi kawai. Daga nan tsarin da aka gina masa ya fara zubewa, ko da yake ya ce matsalar wahalar 'yan Adam ce ta raba shi da bangaskiya daga baya. John Calvin ya gamu da makamancin wannan a Matiyu 27:9, inda aka ambaci Irmiya a maganar da ta fi kusa da ta Zakariya. Ya ce sunan ya shigo bisa kuskure, bai kuma ga abin tayar da hankali ba, ya ci gaba da tafsirinsa. Bangaskiyarsa tana rataye ne a kan mutuwar Almasihu da tashinsa, abin da Bisharu huɗu da wasiƙun manzanni suka haɗu a kai.

Kammalawa da shawarwari

Binciken ya nuna cewa jerin saɓanin da ke yawo tarin abubuwa ne mabambanta da aka zuba a buhu ɗaya. Wasu kwafen dā sun warware su, wasu tarihin Assuriya ya haska su, wasu sanin al'adar rubutu ya isa, kaɗan kuma suna nan a buɗe.

Takardar tana ba da shawara huɗu. Ta farko, makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos, da ƙananan makarantun Littafi Mai Tsarki da ke koyarwa da Hausa, su ba tarihin kwafe da tarihin tattara littattafai matsayi tun a shekarar farko, domin fasto ya fara jin waɗannan batutuwa daga bakin malaminsa. Ta biyu, masu buga Littafi Mai Tsarki da Hausa su yawaita bayanan ƙasan shafi a wuraren da kwafe suka bambanta. Ta uku, duk mai amsa tambaya ya faɗi matsayin amsarsa, ko tabbatacciya ce, ko mai rinjaye, ko mai yiwuwa kawai, kamar yadda Afirkanus ya yi. Ta huɗu, a shirya ƙaramin littafi da Hausa wanda zai bi ayoyin da aka fi tambaya, ya sa kowace a kashinta, ya kawo hujjar kowane ɓangare da ladabi, a raba shi ga malaman makarantar Lahadi, da shugabannin matasa, da ƙungiyoyin zumuntar mata, tunda su ne tambayar ke fara isa gare su.